Yadda Ma'aikaci Mai Yawan Tafiya Zai Haɗa Jakar Na'urorinsa

Ɗan jaridar da ya tashi daga Kano da asuba don ɗauko rahoto a Gusau, da jami'ar lafiyar da ke zagaya ƙauyuka tana shigar da bayanai a waya, da lauyan da yake da shari'a a Kaduna yau kuma ana jiransa a Abuja gobe, da ɗan kasuwar da ke kai-kawo tsakanin Kantin Kwari da Guangzhou, dukkansu ofishinsu ɗaya ne, wato jakar da suka rataya a kafaɗa. Idan aiki ya tsaya wa irin waɗannan mutane a hanya, da wuya a tarar cewa don wayarsu ta tsufa ne. Abin da aka fi gani shi ne caji ya ƙare, ko sabis ya ɗauke, ko kuma wayar ta bar hannun mai ita. Saboda haka kafin mutum ya kai kuɗinsa kasuwar Farm Centre ko Banex don sayen wayar da ta fito bana, ya kamata ya fara zama ya lissafa wutar da na'urorinsa suke ci a yini guda, domin a kan wannan lissafin ne sauran shirin yake tsayawa.

Lissafin wuta kafin sayayya

Lambar da ake rubutawa da manyan haruffa a jikin fawa bank, irin su 10,000mAh ko 20,000mAh, ita ce ta fi ruɗin masu saye. Mutum yakan ga batirin wayarsa 5,000 ne, sai ya ɗauka fawa bank mai 10,000 zai cika masa ita sau biyu cif. Ba haka abin yake ba. Ma'aunin da ya dace a yi aiki da shi shi ne wanda ake rubutawa Wh, wato yawan wat ɗin da batiri zai iya bayarwa na tsawon awa ɗaya, kuma hanyar samunsa ba ta da wuya. Batiran da ke cikin fawa bank suna aiki ne a kan bolt 3.7, don haka sai ka ninka lambar mAh da 3.7, sannan ka raba da 1,000. Mai 10,000 zai ba ka 37, mai 20,000 zai ba ka 74, mai 27,000 kuma zai tsaya dab da 100.

Daga nan sai ka duba abin da kake ɗauke da shi. Waya mai batirin 5,000mAh tana riƙe da kusan Wh 19, yawancin laftof na aikin ofis kuwa batirinsu yana tsakanin 50 da 60. Sai dai ba duk wutar da ke cikin fawa bank ce take isa wayar ba, domin wajen ɗaga ƙarfinta daga bolt 3.7 zuwa 5 ko 9 ko 20 wani kaso yana salwanta ya zama zafi, kuma ɗumin nan da kake ji a tafin hannunka idan ana caji shi ne asarar. Idan ka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda wannan, ba ka yi nisa da gaskiya ba. Ke nan mai 10,000 zai cika babbar waya sau ɗaya da rabi, mai 20,000 zai cika ta kusan sau uku, ko kuma ya cika laftof sau ɗaya ya ƙare. Kamfanonin da ke da gaskiya sukan rubuta wata lamba ta biyu da ƙananan haruffa a baya, wadda take nuna ainihin abin da zai fita a bolt 5, kuma ga mai 10,000 takan kasance wajen 6,000. Rashin ganin wannan lamba kansa alama ce da ya kamata ta sa mai saye ya dakata.

Wanda aikinsa duka a waya yake, kuma ya san zai kwana inda akwai wuta, mai 10,000 ya ishe shi, kuma zai shiga aljihun kaftani. Wanda yake rubutu a laftof a cikin jirgin ƙasa tsakanin Rigasa da Idu, ko yake yini a wurin taro inda soket guda ake rububi, shi mai 20,000 zuwa 27,000 yake buƙata. A nan ne kuma wani ma'aunin daban yake shigowa, wato ƙarfin fitar da wuta, wanda ake aunawa da wat. Yawancin fawa bank ɗin da suka cika kasuwa wat 22.5 ko ƙasa da haka suke fitarwa, wanda ya wadaci waya amma laftof ba za ta saurare shi ba. Ita laftof mai caji ta USB-C tana son wat 45 zuwa 65, bisa tsarin da ake rubutawa PD. Ka juya bayan fawa bank ɗin ka karanta jerin lambobin: idan ka ga 20V a cikinsu, to zai iya ɗaukar laftof, idan kuwa ya tsaya a 9V ko 12V, ka san na waya ne kawai, kome girmansa.

Akwai abin da mutane ba su cika dubawa ba, alhali a ƙasashenmu ya fi kome muhimmanci, wato saurin da fawa bank ɗin kansa yake cika. Mai Wh 74 da ke karɓar wat 10 zai ɗauki awa takwas ko fiye kafin ya cika. Wanda ke karɓar wat 45 ko 65 zai cika cikin kamar awa biyu. Duk wanda ya taɓa sauka a masaukin da ake kunna janareta bayan magariba a kashe da sha biyun dare ya san wanne ne a cikin biyun zai wayi gari da caji. A ganina wannan bambancin kaɗai ya cancanci ƙarin kuɗin da ake biya.

Batun jabu kuwa, na taɓa sayen wani a tashar mota da aka rubuta masa 50,000, ga fitila, ga ɗan faifan sola a bayansa, ga nauyi a hannu kamar na gaske. Sau ɗaya da 'yan kai ya cika mini waya sai ya mutu. Da na kai wa mai gyara ya ɓalle shi, sai muka tarar da batira masu siffar gwangwani guda huɗu a jere, biyu ne kawai aka haɗa da waya, sauran biyun yashi aka ɗura musu don su yi nauyi. Tun daga ranar nake yi wa kowane sabo gwaji a makon farko, tun rasit yana hannu: in cika shi, in bar waya ta sauka zuwa kashi 10, in riƙa ƙirga sau nawa zai mayar da ita 100. Shi kuma ɗan faifan solar nan da ake maƙalawa a bayan fawa bank kada ya ja hankalinka, domin ƙanƙantarsa ta sa sai ya yi kwanaki a rana kafin ya tara abin kirki, kuma shanya batiri a rana illa ce gare shi. Mai aiki a karkara da yake son sola da gaske ya nemi faifan da ake naɗewa mai wat 20 zuwa 30, ya shimfiɗa faifan a rana, ya ja kebul ya ajiye batirin a inuwa.

Dokar jirgin sama

Lissafin Wh da aka yi a sama shi ne wanda jami'an filin jirgi suke amfani da shi. Ƙa'idar da kamfanonin jiragen sama suke bi ita ce ana shiga da fawa bank da bai wuce Wh 100 ba a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, kuma ba a wuce guda biyu. Abin da ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Ko kaɗan kuma ba a sa fawa bank a akwatin da za a auna a tura ƙasan jirgi. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin ƙera fawa bank da yawa suke tsayawa a 27,000mAh, domin mai 30,000 ya kai Wh 111, ya riga ya tsallake iyaka.

Dokokin sun ƙara tsanani tun bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu ranar 28 ga Janairun 2025, inda bincike ya karkata ga wani fawa bank da ke cikin ma'ajin kaya na saman kujeru. Daga 1 ga Oktoban 2025 kamfanin Emirates ya hana amfani da fawa bank a cikin jirginsa, kuma guda ɗaya kawai yake yarda fasinja ya riƙe. Masu zuwa sarin kaya China su ma su kula, domin tun 28 ga Yunin 2025 ba a barin fawa bank da ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta China, ya hau jiragen cikin gida na ƙasar, saboda haka wanda zai sauka Guangzhou ya sake hawa jirgi zuwa wani birni zai iya rasa nasa a wurin bincike. Tunda jami'i da abin da ya karanta a jiki yake aiki, idan rubutun ya goge yana iya ƙwacewa, don haka ka manna farin salatif a kan rubutun tun yana sabo.

Kan caja da kebul

A wannan fannin an sami sauƙi na gaske a 'yan shekarun nan. Tarayyar Turai ta wajabta wa wayoyi da ƙananan na'urori amfani da USB-C daga 28 ga Disambar 2024, Apple kuma ya riga ya koma kansa tun daga iPhone 15 a 2023. Amfanin wannan ga matafiyi shi ne kan caja ɗaya zai iya ɗaukar waya da laftof da fawa bank da abin sauraro. Ka nemi irin wanda ake rubuta wa GaN mai wat 65 da baki biyu ko uku, wanda girmansa bai kai rabin tsohuwar cajar laftof ba. Ka lura cewa idan ka jona abu biyu lokaci guda wutar rabuwa take yi, don haka laftof za ta rage sauri. Ka kuma tabbata an rubuta 100-240V a jikinsa, domin da shi za ka yi aiki a Najeriya mai bolt 230 da Amurka mai 120 ba tare da wata na'ura a tsakani ba. Bakin soket ne kawai yake canzawa: Najeriya da Gana da Saudiyya suna amfani da mai ƙafa uku irin na Ingila, Nijar da Kamaru da Chadi kuwa mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Wanda ke tsallakawa daga Jibiya zuwa Maraɗi ya sa ƙaramar adafta a jaka, kada ya dogara da cusa biro a soket.

Kebul ne ake rainawa, kuma sau da yawa shi ne mai laifin da ake ɗora wa caja. Kebul na USB-C na yau da kullum wat 60 yake ɗauka, wanda ya wuce haka sai mai ɗan ƙwaƙwalwa a bakinsa, wanda ake rubuta wa 100W ko 5A. Wasu masu arha kuma caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar fayil. Ka riƙe biyu masu kyau, dogo ɗaya na masauki da gajere ɗaya na hanya, kuma kada ka naɗe su a jikin caja da ƙarfi, domin daga wuya suke fara karyewa. Mai mota ya ƙara da cajar da ake sokawa a ramin laita mai wat 45 ko fiye, tafiyar Kano zuwa Sakkwato ta ishi kome ya cika. Idan kuma dole ta sa ka je wurin masu cajin waya a tasha ko kasuwa, ka ba su fawa bank, wayar ta zauna a aljihunka. Ta haka ka tsare ta daga hawa da saukar wutar janareta, ka kuma tsare sirrin da ke cikinta.

Zafi yana kashe batiri fiye da yawan aiki. Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu Maiduguri da Sakkwato da Yamai suna haura 40. Kada a bar waya ko fawa bank a gaban gilashin mota, kada a yi caji a ƙarƙashin matashi ko a cikin jaka a rufe, kuma duk batirin da ya fara kumbura a daina amfani da shi nan take. Sababbin wayoyin iPhone da Samsung suna da wurin da ake tsayar da caji a kashi 80 don batiri ya daɗe. Ka kunna shi a ranakun zaman ofis, ka kashe shi a daren da za ka yi tafiya.

Layi biyu, da aikin da ba ya jiran intanet

Babu kamfanin sadarwa guda da sabis ɗinsa ya game ko'ina, saboda haka layi biyu na kamfanoni daban-daban wajibi ne, kuma direbobin hanyar da mutanen garin da za ka je sun fi kowace taswira sanin wanda ke ja a can. Wayoyi da yawa yanzu suna karɓar eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. Ka danna *#06#, idan ka ga lamba mai suna EID, wayarka tana ɗauka. Masu sayen wayar hannu ta biyu su sani cewa iPhone 14 da waɗanda suka biyo bayanta, idan na kasuwar Amurka ne, ba su da ramin sim kwata-kwata, kuma wasu suna zuwa a kulle da layin kamfanin can. A gwada layi a cikinta a gaban mai shago kafin a biya. Ga mai fita ƙasar waje, dabarar da ta fi sauƙi ita ce ya sayi data ta eSIM ko layin ƙasar da ya sauka, ya bar layinsa na gida a kunne don saƙon banki, amma ya kashe masa data.

Raba data daga waya zuwa laftof ta waifai yana zafafa wayar yana kuma zuƙe batiri. Idan zaman zai yi tsawo, ka haɗa su da kebul, intanet ɗin zai fi tsayawa kuma wayar tana caji. Wanda yake yin haka kullum gara ya sayi MiFi, wato ƙaramar na'urar da ke raba data ta waifai, ya sa mata layi na biyu. Kuma tun da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, bai kamata a bar laftof tana sabunta kanta da datar waya ba. A Windows akwai wurin da aka rubuta Metered connection a saitin waifai, kunna shi yana hana yawancin wannan ɓarna.

Duk da haka akwai ranar da layi biyun ba za su yi amfani ba. A Satumbar 2021 an rufe sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga tangarɗa. Saboda haka kafin ka bar gida, inda kake da intanet mai ƙarfi, ka sauke taswirar yankin a Google Maps, ka sa takardun da za ka yi aiki a kansu su buɗe ba tare da intanet ba, ka ɗauki hoton tikiti da takardar gayyata da adireshin masauki, kuma ka riƙe 'yan kuɗi a hannu saboda ranar da na'urar POS za ta ƙi aiki.

Idan waya ta bar hannunka

Mai ƙwacen waya a yau ba wayar kaɗai yake nema ba, layin da ke cikinta ya fi masa daraja, domin da shi ake shiga asusun banki ta lambobin da ake dannawa. Makullin fuskar waya ba ya kare layi, tunda cire shi za a yi a sa a wata. Abin da ke kare shi shi ne lambar sirri ta sim, wadda ake kunnawa a saitin tsaro na waya. A yi hattara wajen kunnawa: kuskure sau uku yana kulle layin, sai an kawo lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, don haka a nemo katin tukuna. Bayan wannan sai a sa wa WhatsApp lambar tabbatarwa mai lamba shida, a kunna manhajar gano waya ta Google ko ta Apple, a kuma hana saƙonni bayyana a fuskar waya idan tana kulle, domin lambar da banki ya turo ba ta da amfanin ɓoyewa idan kowa zai karanta ta ba tare da ya buɗe wayar ba. Masu iPhone suna da ƙarin kariya da aka shigo da ita a iOS 17.3 a farkon 2024, wadda take hana canza kalmar sirri ba tare da fuska ko yatsan mai wayar ba idan ba a gida ko wurin aiki ake ba.

Abu na ƙarshe da nake sawa a shirin tafiya takarda ce, ba na'ura ba. A rabin shafi nake rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, da lambar PUK, da lambar NIN da za a nema wajen dawo da layi, da lambobin ajiya guda goma da Google yake bayarwa don shiga imel idan waya ba ta kusa, da lambar da bankina ya tanada don rufe asusu daga kowace waya, da lambobin mutum uku da zan kira. Takardar ba ta zama a jakar na'urori, tana cikin aljihun ciki tare da katin shaida. Idan abin ya faru, tsarin shi ne a ari wayar wani a fara rufe asusun banki, sannan a kira kamfanin sadarwa a toshe layi, sannan a shiga imel a kulle wayar ko a goge ta daga nesa, daga baya a kai rahoto ga 'yan sanda da lambar IMEI a hannu.